Ɗana Ya Haddace Lissafi Amma Bai Gane Shi Ba

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina da yara biyu, namiji ɗan shekara 7 da ƙanwarsa 'yar shekara 4. Babban yana ƙirga ɗaya zuwa ɗari ba tare da ya tsaya ba, ya kuma haddace jadawalin sau har gidan biyar, amma idan aka ce ya ɗebe 17 daga 42 sai ya rubuta 35, kuma duk yadda na gyara masa, gobe ma haka zai yi. Lokacin aikin da ake ba shi daga makaranta ya zama lokacin kuka da faɗa a gidanmu, ga shi ba ya iya zama wuri ɗaya na minti goma. Na ji ana maganar koyar da yara ta hanyar taɓawa da aikatawa, na kuma ga hotunan kayan da ake amfani da su a intanet, sai dai ba ni da su, kuma ina aiki, lokacina kaɗan ne. Maigidana yana ganin duk wannan wasa ne da ɓata lokaci, yana cewa a zaunar da yaro ya yi ta rubutawa har ya iya. Na rasa hanyar da zan bi. Mene ne shawararki?

Uwa mai damuwa

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. A cikin duk abin da kika rubuto, ba abin da ya fi amfani kamar lambar nan 35, domin ita ce ta nuna inda matsalar take. Ɗanki ba ganganci yake yi ba, kuma ba kai ne ba shi da shi ba. Yana da ƙa'idar da ya kafa wa kansa, yana kuma bin ta sau da ƙafa: a kowane layi yana ɗebe ƙaramar lamba daga babba. Ya dubi 2 da 7, ya ga 7 ce babba, ya ɗebe 2 ya sami 5. Ya dubi 4 da 1 ya sami 3. Ya haɗa su ya rubuta 35. Wannan kuskure sananne ne ga duk malamin da ya taɓa koyar da ƙananan azuzuwa, kuma tushensa shi ne yaron yana ganin 42 a matsayin alamomi biyu da aka ajiye kusa da juna, huɗu da biyu, bai gan ta a matsayin gomomi huɗu da ɗaiɗai biyu ba. Yaron da yake kan wannan fahimta, idan aka zaunar da shi ya yi lissafi hamsin, kuskuren ne zai maimaita sau hamsin har ya zauna masa daram.

Ga abin da nake so ki yi, kuma zan yi bayaninsa dalla-dalla domin shi ne ginshiƙin shawarar baki ɗaya. Ki samo tsinkaye ko ƙananan itatuwa kamar guda ɗari, masu tsawon yatsa, tare da zare ko 'yar robar ɗauri. Kada ki ɗaure su da kanki. Ki zube su gabansa ki ce ya ƙirga goma ya ɗaure, ya sake ƙirga goma ya ɗaure, har ya tara ɗauri bakwai ko takwas, ragowar kuma a bar su a warwatse. A rana ta farko aikin ke nan, sai kuma ki riƙa kiran lamba yana fito miki da ita: 23 ɗauri biyu da tsinke uku, 40 ɗauri huɗu ba tsinke ko ɗaya. Ki sa ya fito da 24 a gefe ɗaya da 42 a ɗaya gefen, ki tambaye shi wanne ya fi yawa da kuma dalili, tunda lambobin da aka rubuta iri ɗaya ne. Ki tsaya a kan wannan kwana biyu ko uku, ko da kin ga kamar ya yi masa sauƙi.

Bayan haka sai ki ce ya fito da 42, sannan ki miƙa hannu ki ce ya ba ki 17 daga ciki. Zai ba ki ɗauri ɗaya nan take, sannan ya dubi tsinkaye biyun da ke gabansa ya ga ba su kai bakwai ba. A nan ne ake son ki yi shiru. Zai iya ce miki ba zai yiwu ba, zai iya ƙoƙarin ɗauko wasu daga tarin da ke gefe, sai ki ce a'a, daga cikin nasa za a bayar. Idan shirun ya yi tsawo, iyakar abin da za ki ce shi ne, "To, cikin ɗaurin nan mene ne?" Da zarar ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa ya ga tsinkaye goma sha biyu a gabansa, ya ba ki bakwai biyar suka rage, ga kuma ɗauri biyu, to ya gane abin da malaminsa yake nufi da "aro" a lissafi, kalmar da wataƙila ya ji sau ɗari ba ta taɓa nufin komai a wurinsa ba. Zai ƙirga ya sami 25, kuma ba ke ce kika gaya masa ba.

Na san shirun nan yana da wuya, domin ni ma na sha faɗawa cikin wannan kuskure. Uwa tana ganin ɗanta yana lalube, amsar tana kan harshenta, hannunta har ƙaiƙayi yake ta kwance ɗaurin ta wuce wurin. Duk lokacin da na yi haka na tarar washegari sai an sake daga farko, saboda ni ce na yi tunanin, yaron kallo kawai ya yi.

Sai dai a nan ne iyaye da yawa suke tsayawa, kuma a nan ne maigidanki yake da gaskiya fiye da yadda kike zato. Tsinke ba ya shiga ɗakin jarrabawa. Idan yaro ya iya da tsinke amma ba a taɓa haɗa masa tsinken da abin da ke kan takarda ba, zai ɗauka abubuwa biyu ne daban, ɗaya wasan da yake yi da mama, ɗaya kuma lissafin makaranta, ya ci gaba da rubuta 35 a littafinsa. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Jerom Buruna, ya bayyana a shekarun 1960 cewa ana kama sabon ilimi ta matakai uku: da aikatawa, sannan da hoto, sannan da alama. A kan wannan tunani ne ƙasar Singafo ta gina yadda take koyar da lissafi a firamare, inda yaro yake farawa da abin da zai riƙe a hannu, ya koma zane, daga ƙarshe ya isa ga lamba zalla. Saboda haka, a zaman da ya kwance ɗaurin, kada ki bari ya tashi sai ya zana abin da ya yi: dogon layi ya tsaya a madadin ɗauri, ɗigo ya tsaya a madadin tsinke, ya soke layi ɗaya ya maye gurbinsa da ɗigo goma. Daga nan ya rubuta lissafin da lambobi a gefen zanen, ki nuna masa cewa 4 ɗin da ake sokewa a mayar da ita 3 ita ce ɗaurin da ya kwance, ɗan 1 ɗin da ake ɗorawa kusa da 2 kuwa shi ne goman da ya zube. Bayan mako ɗaya ko biyu ki ajiye tsinkayen a gefe ya yi da zane kawai, idan ya maƙale ya ɗauko su. Daga baya zanen ma zai bar shi da kansa. Da rarrafe yaro kan tashi, amma ba wanda yake so ɗansa ya dawwama a rarrafe.

Dalilin da ya sa yaro mai shekarunsa yake buƙatar wannan hanya ba ɓoyayye ba ne, kuma kina da damar ganinsa da idonki tunda kina da yara biyu masu tazarar shekara uku. Jan Piyaje, masani ɗan ƙasar Suwizalan da ya rayu daga 1896 zuwa 1980, ya shahara da wani gwaji mai sauƙi. Ki zuba ruwa daidai wa daida a kofuna biyu iri ɗaya, yaran su yarda cewa ruwan ɗaya ne, sannan a gabansu ki juye ɗaya cikin wani kofi siriri mai tsawo, ki tambaya wanne ya fi yawa. Akasarin yara 'yan shekara huɗu za su nuna dogon kofin ba tare da shakka ba, alhali sun ga ba a ƙara ko ɗigo ba. Wajen shekara bakwai ne yawancinsu suke fara cewa ai ruwan bai canza ba, idan aka mayar da shi zai koma yadda yake. Piyaje ya lura cewa daga wajen shekara 7 zuwa 11 yaro yana iya tunani mai tsari, amma tunanin ya fi ƙarfi idan yana kan abin da yake gani yake kuma juyawa da hannu. Masana na baya sun nuna cewa iyakokin shekarun ba su da tsauri kamar yadda ya tsara su, amma asalin abin da ya gani yana nan. Ɗanki yana bakin wannan mataki ne, kuma an ɗora masa alamomi kafin a ba shi abin da alamomin suke wakilta.

Game da hotunan da kika gani a intanet, ki kwantar da hankalinki. Galibinsu an ɗauke su ne don burge manya, da kaya masu launi ɗaya a jere kan kanta mai ƙyalli, ba don nuna abin da yaro ya fahimta ba. Sunan da aka fi liƙa wa irin waɗannan kaya shi ne na Mariya Montesori, likita 'yar ƙasar Italiya, amma makarantarta ta farko da ta buɗe a shekarar 1907 a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum, ta 'ya'yan talakawa ce waɗanda iyayensu suke fita aiki su bar su ba mai kula. Babban ɓangare na abin da ta sa su yi shi ne zuba ruwa, share ƙasa, saka maɓalli, wanke hannu da goge tebur, sai kuma shafa haruffan da aka yanka daga takarda mai kaushi don yatsa ya san siffar harafi kafin a riƙe fensir. Kayan da aka ƙera da kyau suna da amfaninsu, amma murfin kwalba ashirin yana koyar da ƙidaya daidai da duk wani abin da aka sassaƙa aka yi wa fenti.

Tunda na ambaci murafen kwalba, da su za ki gwada haddar jadawalin sau da ya yi. Ki ce ya nuna miki uku sau huɗu da murafe. Kada ki yi mamaki idan ya ajiye uku a gefe ɗaya, huɗu a gefe ɗaya, ya tsaya yana kallonki, duk da bakinsa ya san amsar 12 ce. Ki sa ya jera layi uku, kowane layi da murfi huɗu, sannan ya zagaya ya dubi jerin daga gefe, ya ga yanzu layi huɗu ne na uku-uku kuma yawan bai canza ba. Yaron da ya ga wannan da kansa ya rage kusan rabin abin da zai haddace. Haddar kuwa kada ki raina ta; wanda ya san bakwai sau takwas da ka ba ya ɓata ƙarfinsa wajen ƙirgawa, hankalinsa yana kan asalin tambayar. Abin da nake ƙi shi ne hadda ta riga fahimta ta kuma zauna a wurinta.

Zan ja kunnenki kan abubuwa biyu da za ki ci karo da su idan kika ci gaba da bincike. Na farko wani zane ne mai siffar dala da ke yawo, yana cewa mutum yana riƙe kashi 10 cikin ɗari na abin da ya karanta, amma kashi 90 na abin da ya aikata. Asalin zanen na wani malami ne ɗan Amurka, Edga Del, a 1946, kuma shi bai sa masa ko lamba ɗaya ba. Wasu ne suka liƙa alƙaluman daga baya ba tare da wani bincike da ya tabbatar da su ba. Kada ki kai wa maigidanki wannan a matsayin hujja. Na biyu shi ne ra'ayin cewa a zube wa yaro kaya a ƙyale shi ya gano komai da kansa. Binciken da aka yi a kan koyarwa ya nuna cewa sabon mai koyo yana buƙatar jagora, kuma barinsa yana lalube ba tare da manufa ba ba ya haifar da fahimta. Shirun da na ce ki yi shiru ne na minti ɗaya ko biyu a cikin aikin da ke kika tsara, kika san inda ya dosa.

Wannan ƙa'ida ita ce take raba gwajin kimiyya da wasan ruwa. Ki cika bahon roba, ki tara cokalin ƙarfe, murfin roba, dutse, guntun katako, kusa da kwanon ƙarfe. Kafin a jefa kowanne, sai ya faɗi ko zai nitse ko zai yi iyo, ya kuma rubuta hasashensa a littafi. Ba da daɗewa ba zai kafa ƙa'ida cewa ƙarfe yana nitsewa, ko kuma abu mai nauyi yana nitsewa. A lokacin ne za ki ɗora kwanon a kan ruwan, wanda ƙarfe ne kuma ya fi kusar nauyi nesa ba kusa ba, ya ga ya zauna abinsa. Ki bar shi da mamakin, ki tambaye shi me zai yi kwanon ya nitse, ya riƙa zuba masa tsakuwa yana ƙirgawa har ruwa ya shiga. Abin da ke faruwa shi ne kwanon, saboda faɗinsa da ramin cikinsa, yana ture ruwan da nauyinsa ya kai nauyin kwanon kafin ya nitse, kuma da wannan ne jirgin ruwa na ƙarfe yake tafiya a kan teku. Ba lallai ya kama bayanin duka yana ɗan shekara bakwai ba. Ya isa ya gane cewa ƙa'idarsa ta farko ta karye kuma dole ya gyara ta. Haka za ki yi da sanda da aka kafa a rana, ana sa alama a ƙarshen inuwarta da safe, da tsakar rana, da yamma. Haka kuma da ƙwayar iri biyu da aka shuka rana ɗaya, ɗaya a haske ɗaya a duhu, ana auna tsawonsu da rula, inda ta cikin duhun take zarcewa da tsawo amma ta fito siririya, rawaya-rawaya. Kowane ɗaya sai an fara da hasashe an ƙare da rubutu ko zane.

Ƙanwar tasa ba ta buƙatar darasi. Ki ba ta kofuna da mazurari ta yi ta juye ruwa ko yashi, ta ware safa biyu-biyu, ta tara murafe bisa launi ko girma, ta mulmula yumɓu, ta yanka takarda da almakashi marar tsini, ta zana harafin farko na sunanta da yatsa a faranti mai yashi. Waɗannan su ne suke ƙarfafa yatsun da za su riƙe fensir. Idan tana ƙirgawa, ki sa ta taɓa kowane abu sau ɗaya tana kiran lambarsa, domin rera ɗaya zuwa ashirin daban, sanin cewa lambar ƙarshe da aka kira ita ce yawan abin daban. Ki kula kada ta sa ƙananan abubuwa a baki ko hanci, ki nisantar da ƙananan maganaɗisu da 'yan baturan nan masu kama da maɓalli, waɗanda haɗiye su yana da matuƙar haɗari, kuma kada ki bar ta ita kaɗai kusa da baho mai ruwa ko na ɗan lokaci ne. Idan kina miƙa mata waya don ki sami sararin zama da yayanta, ki sani cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana yana zaune gaban allon waya ko talabijin.

Batun lokaci shi ne mafi sauƙi. Minti goma sha biyar a rana, kwana huɗu ko biyar a mako, sun wadatar, kuma sun fi awa biyu a ranar hutu ɗaya. Ki tara kayan a kwali guda don kada a ɓata rabin lokacin wajen nema. Ki yi zaman kafin a buɗe littafin makaranta, a kan abin da aka ba shi a ranar idan zai yiwu, ki kuma tsaya tun yana so a ci gaba. Rashin zamansa na minti goma bai dame ni sosai ba tukuna. Ba wanda yake iya zama a kan abin da bai fahimta ba yana kuma jiran tsawa. Ki lura da tsawon lokacin da zai yi a kan baho da kwano, sannan ki yanke hukunci. Ki riƙa auna aikin da ƙarfinsa, ya zama abin da ba zai iya shi kaɗai ba amma zai iya da ɗan taimako, wanda shi ne wurin da masani ɗan Rasha Lef Bigotski ya ce koyo ya fi faruwa. Idan ya yi kuskure, maimakon ki ce ba daidai ba ne, ki ce ya nuna miki da tsinke.

Shi kuwa maigida, ban ga amfanin jayayya da shi ba, musamman a gaban yaran. Abin da yake tsoro shi ne kada ɗansa ya tashi bai iya rubuta lissafi ba, kuma tsoro ne da ya dace. Ki gaya masa kin yarda yaron zai zauna ya rubuta, abin da kike roƙo kawai shi ne mako uku da minti goma sha biyar kafin rubutun. Idan lokacin ya cika, ki roƙe shi ya zaɓi lissafin da kansa, kamar 53 a ɗebe 28, ya ba yaron takarda, ya kuma tambaye shi me ya sa ya soke biyar ɗin. Gani ya kori ji. Idan kuma yana da aikin hannu da yake yi a gida, ko gyaran wani abu ne ko auna bango, ya riƙa ba yaron ma'auni ya riƙe ya karanta masa lambar.

Ki kuma je ki ga malaminsa, ki nuna masa littafin da 35 ɗin nan, ki tambayi kalmomin da yake amfani da su a aji wajen koyar da aro don ki yi amfani da irinsu a gida kada yaron ya rikice. Idan kuka yi kamar wata biyu kuna wannan a kai a kai amma har yanzu ba ya iya tantance 24 da 42 ko da tsinke a gabansa, ko kika lura yana kusantar da littafi ga fuskarsa, ko ba ya juyowa idan an kira shi daga baya, ko kuma rashin natsuwar yana bin sa har cikin wasan da yake so da kuma makaranta, to ki kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa tukuna, sannan ki bayyana wa likitan yara duk abin da kika gani, tare da littafin da kuka riƙa rubutu a ciki.